Samarin Abuja Sun Sassauta Kiɗa, Saura Mawaƙan Hausa

Duk wanda ya saba da kiɗan nan na samarin zamani da ake kira hip-hop, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna gambarar zamani, ya san abin da kunnensa zai tarar tun kafin a kunna: ganga mai dukan ƙirji, da saurayi yana zuba magana kamar ana korarsa, yana yi wa kansa kirari, yana zambo ga abokan hamayya, yana lissafin motoci da kuɗin da sau da yawa bai mallaka ba. Sunan ma da aka ba kiɗan bai taimake shi ba, domin 'yan gambara na gargajiya an san su ne da bin kasuwanni suna habaici da barkwanci, wani lokaci har da batsa. Saboda haka ne dattawa da yawa, da zarar sun ji an ambaci wannan kiɗa, sai su kau da kai su ce aikin marasa abin yi ne. To, amma fa a 'yan shekarun nan wasu samari da suka yi wayo a Abuja sun fito da wani salo dabam, wanda ya isa a tsaya a saurara, ko da mutum ba ma'abocin kiɗa ba ne.

A cikin shekarar 2023 wani mawaƙi mai suna Suté Iwar ya fitar da faifai mai suna Ultralight. Gambarar zamani ce, babu shakka, domin ana jera baituka a kan ganga kamar yadda aka saba. Bambancin shi ne an sassauta gangar, an shimfiɗa mata fiyano da jita da busa da muryoyin 'yan amshi masu taushi, irin waɗanda aka sani a kiɗan jaz da na sol na Baƙar fatar Amurka. Maganar da ke ciki kuwa ta fi karkata ga soyayya, da kewa, da neman natsuwar rai. Mutum zai iya kunna shi da daddare a ɗakinsa ba tare da maƙwabci ya buga masa ƙofa ba.

Shi wannan mawaƙi da ƙanensa Tay Iwar 'yan asalin jihar Binuwai ne, amma a Abuja suka kafa ƙungiyarsu ta kiɗa mai suna Bantu, a nan ne kuma aka fara jin amonsu. A 2014 Suté ya fitar da Jelí, watau sunan da mutanen Mande na ƙasar Mali da kewayenta suke kiran makaɗan nan nasu na gado masu riƙe da tarihin gidaje. A wannan shekarar ce kuma Tay, yana ɗan shekara goma sha bakwai ko kusa da haka, ya fitar da Passport. Daga baya ya yi Gemini a 2019, da Love & Isolation a 2021, Wizkid kuma ya gayyace shi cikin waƙar True Love a faifansa na Made in Lagos na 2020. Wanda ya bi waɗannan ayyuka a jere zai ga ba dace ba ne. Hanya ce aka zaɓa aka kuma daure a kanta shekara kusan goma.

Akwai masu cewa Abuja garin ofis ne da fayil da jiniya, ba garin kiɗa ba. Lalle gari ne sabo. Sai a ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa shi, sai kuma 12 ga Disamba 1991 aka tare a cikinsa daga Ikko. Amma ba a jima da tarewa ba garin ya fara haihuwar mawaƙa. A farkon shekarun 2000 Modenine yana aiki a gidan rediyon Rhythm na Abuja, yana cikin ƙungiyar SWAT ROOT tare da su Six Foot Plus da Terry tha Rapman, shi ne kuma ya zo ya ci lambar gwanin tsara baiti ta Headies har sau bakwai. A gefe guda kuma ga samarin Styl-Plus, waɗanda daga Abuja suka saki Olufunmi a 2003, waƙar soyayyar da ta ratsa ƙasar nan kudu da arewa. Watau tun farko rafi biyu ne suke gudu a garin, ɗaya na kaifin baki, ɗaya na taushin murya, kowanne yana bin hanyarsa. Har gobe na kaifin bai ƙafe ba, ga Odumodublvck da faifansa Eziokwu na 2023 shaida. Abin da 'yan gidan Iwar suka yi shi ne haɗa rafukan biyu a kwari ɗaya.

Ba su ne suka fara wannan haɗi a duniya ba, kuma a cikin tarihinsa ne darasin yake. An haifi hip-hop a unguwar Bronx ta birnin New York, inda ake lissafa bikin da DJ Kool Herc ya shirya ranar 11 ga Agusta 1973 a matsayin mafarinsa. Shekaru da dama ana ganin soyayya ba ta da gurbi a cikinsa, har ma da LL Cool J ya fitar da I Need Love a 1987 wasu suka yi masa ca, wai ya zubar da girman maza. Sa'an nan sai wasu samari suka waiwayi akwatunan faya-fayan iyayensu. A 1991 ƙungiyar A Tribe Called Quest ta ɗauko dattijo Ron Carter, gwanin babbar jita mai kaurin amo a kiɗan jaz, ta sa shi cikin faifanta The Low End Theory. A 1993 Guru ya yi Jazzmatazz tare da Donald Byrd mai busa da Roy Ayers. A 1998 Lauryn Hill ta fitar da The Miseducation of Lauryn Hill, faifan da ya cika da zancen so da rabuwa da haihuwa, ta kwashe lambobin Grammy biyar da shi a shekarar da ta biyo. Shi jaz kiɗa ne da kakanninsu suka ƙago a New Orleans a farkon ƙarni na 20, inda makaɗi ke da damar ya saki hanya ya ƙirƙiro nasa nan take sa'an nan ya komo, kamar dai yadda mai goge ke yi idan wasa ya yi daɗi. Sol kuwa daga waƙoƙin cocinsu ya tsiro, a bakin su Ray Charles da Aretha Franklin. Ashe ke nan waɗannan samari gadon gidansu suka buɗe. Da suka so yin maganar manya, sai suka nemi kayan kiɗan manya.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya game da faifan samarin Abuja, duk da yabon da ya cancanta. Da Turanci aka yi shi. Kamfanin Outer South na Landan ne ya fitar da Ultralight, kamar yadda Soulection na Los Angeles ya fitar da Gemini. Masu sauraronsa sun fi yawa a wuraren shaƙatawa na Wuse II da Maitama, da kuma cikin 'yan Nijeriya mazauna Ingila. Mai shayi a Mararaba, da tela a kasuwar Wuse, da mai sayar da kilishi a Area 1, da direban da ke jigila tsakanin Zuba da Suleja, babu ruwansu da shi, mai yiwuwa ma ba su taɓa jin sunansa ba. Wannan ba laifin mawaƙan ba ne, kowa da harshen da ya fi zama masa a baki. Tambayar tana kan mawaƙan Hausa ne: shin me ya hana a sami irin wannan faifai da harshen da miliyoyin mutane ke yin zance da shi a ƙofar gida kowace yamma?

Ba rashin gwanaye ba ne. ClassiQ, da Morell, da DJ AB, da Deezell, da B.O.C Madaki duk sun nuna cewa Hausa tana hawa wannan ganga daram, har ma ta fi Turanci daɗin karin sauti idan aka iya sarrafa ta. Tashar Arewa24, tun da aka buɗe ta a 2014, ta ba su filin da a da ba su da shi. Amma idan aka dubi fagen gaba ɗaya, sai a ga kamar an yi rabon gado: kirari da zambo da kiɗan rawa na 'yan gambara ne, soyayya kuwa an bar wa 'yan nanaye. In ma ɗan gambara ya taɓa soyayya, galibi a kan gangar rawa ce irin ta Ikko, da sauri-sauri, kamar mai jin kunyar a kama shi yana yi.

Su kuwa waƙoƙin nanaye, babu mai musun farin jininsu. Wanda ya ga yadda Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta kama ƙasar Hausa a 2020, har matan aure suna yi wa mazajensu rawa da ita a cikin gida, ya san jama'a na da ƙishirwar waƙar so. Sai dai abin takaici, yawancin waɗannan waƙoƙi tukunya ɗaya ce ake ta ɗumamawa. Kiɗan daga fiyanon kwamfuta ɗaya yake fitowa, salon na finafinan Indiya ne, muryar kuwa an tace ta da na'ura har ba a bambanta ta Audu da ta Garba. Kalmomin ma an san su: zuciya, hanta, jini, ruhi, hawaye, sai alkawarin mutuwa idan aka rasa masoyi. Daɗin daɗawa, kusan dukkansu a ranar ɗaurin aure suke tsayawa, sai ka ce daga an shafa fatiha labari ya ƙare. Alhali kuwa kowane magidanci ya san a ranar ce labari ke farawa.

A dubi Abuja kanta a ga irin zancen da ke kwance ba mai ɗauka. Garin cike yake da mazan da suka baro iyali a Kano da Katsina da Sakkwato da Gusau, wasu ma'aikatan gwamnati, wasu 'yan ci-rani, domin kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, ga shi kuma masu gida sukan nemi na shekara guda dunƙule. Akwai aure da yawa da a wayar hannu yake rayuwa daga Litinin zuwa Juma'a, wani ma daga ƙarshen wata zuwa ƙarshen wata. Ranar Juma'a da rana a je tashar jirgin ƙasa ta Idu ko ta Kubwa, a ga masu rububin zuwa Rigasa, kowa da 'yar ledar tsaraba. Tun da aka buɗe wannan layi a 2016 ya zama igiyar da ke riƙe da gidaje masu yawa, kuma daren 28 ga Maris 2022, da aka kai wa jirgin hari, mata nawa ne suka kwana riƙe da waya suna jiran ta yi ƙara? Ga saurayin da ke fita daga Nyanya ko Masaka tun asuba don ya riga cunkoso, yana tara kuɗin lefe yau shekara uku, farashi kullum yana gudu yana bin sa. Ga budurwar da ta gama jami'a ta sami aiki, manema suna tsoron albashinta. Ga bazawarar da ke riƙe da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya a Karmo. Ga Bahaushen da ya ga 'yar Gbagyi ko 'yar Tibi ya ji ya gamsu, yana tunanin yadda zai faɗa a gida. Duk wannan soyayya ce, irin wadda ake yi da cefane da haƙuri da kishi da bashi.

Irin wannan zance ba ya shiga waƙar amshi mai layi huɗu. Yana bukatar fili, a kawo labari daga farko, a yi tambaya a ba da amsa, mace ta faɗi nata, namiji ya kare kansa. Gambarar zamani ce kaɗai a cikin kiɗan samari take da wannan fili, domin a baiti guda tana ɗaukar maganar da za ta cika waƙar nanaye uku. Amma ba ta iya yin haka idan ganga tana ihu a kanta. Dole a sassauta, a bar wa kalma wurin numfashi. Wannan shi ne abin koyi a aikin samarin Abuja, ba Turancinsu ba.

Saura batun kayan kiɗa. Ba sai mawaƙin Hausa ya je New Orleans aro ba, domin akwatin iyayensa cike yake. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa ya yi waƙoƙin so, irin su Jummai, da har yanzu ke sa dattijo ya yi shiru ya tuna da. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi Jawabin Aure da Auren Dole, yana sauya murya ya zama miji ya zama mata ya zama mai shiga tsakani, shekaru da yawa kafin a san hip-hop a ƙasar nan. Ga Garba Supa da kukumarsa. Ga Barmani Choge ta Funtuwa, da ta faɗi abin da ke cikin zuciyar matan kulle a kan ƙwarya, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Wanda kuma yake son busa da jita irin na zamani, to ya nemi faya-fayan Bala Miller da ƙungiyarsa ta Kaduna na shekarun 1970 da 1980, ya ji yadda aka ɗora Hausa a kan ƙahonnin Turawa ta zauna lafiya.

Akwai wani labari da ya kamata kowane matashin makaɗi ya sani. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na jaz a Amurka, ya baro ƙasarsa a 1981 ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har zuwa 1985, yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Nijeriya. Cikin abubuwan da ya duƙufa a kansu har da sarewar Fulani, ya kuma yi faifai mai suna In Nigeria tare da makaɗan ƙasar nan. A ɗaya gefen duniya kuma, wani makaɗin hip-hop ɗan Japan mai suna Nujabes ya yanko busar wannan dattijo daga wani faifansa na 1961, busar da ita ma ta soyayya ce, ya gina sabon kiɗa a kanta a 2003. Abin mamaki ke nan: gwanin jaz ya tsallako teku yana neman sarewa a Samaru, ɗan Japan ya tsallaka teku yana neman gwanin jaz, amma yaron da aka haifa a inda sarewar take, kwamfuta yake roƙo ta yi masa amon sarewa.

Za a sami masu cewa waƙar soyayya ko wace iri ce ɓata tarbiyya take yi. Damuwarsu ba ta banza ba ce, domin akwai waƙoƙin da uba ba zai so a kunna a gaban 'yarsa ba. Amma hana zancen so bai taɓa hana so ba. An yi wannan gardama a kan littattafan soyayya na Kano tun zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, aka yi ta tsine musu, daga baya aka gane cewa da yawansu auren dole da sakin wulaƙanci suke yaƙa. Waƙar da ke gaya wa saurayi cewa bayan biki akwai haya da asibiti da surukai ta fi kusa da wa'azi bisa wadda ke gaya masa soyayya furanni ce.

Wasu kuma za su ce kasuwa ba ta son kiɗa mai sanyi, wai abin da za a taka a gidan biki shi ke kawo kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma shi ya sa samarin Abuja suka nemi kamfanoni a waje. Ɗaukar mai gurmi da mai kalangu da mai busa zuwa situdiyo ya fi danna kwamfuta tsada nesa ba kusa ba. Sai dai mutanen da har yau suke neman waƙoƙin Shata, shekara fiye da ashirin da biyar bayan rasuwarsa a 1999, su ma kasuwa ne, kuma su ne masu abin hannu. Ba a gwada su da sabon abu mai nauyi ba tukuna balle a ce sun ƙi.

Idan za a yi, to a yi shi da gaskiya. Yanko kiɗan wani daga tsohon faifai ba tare da izini ba sata ce, ko da mai shi ya daɗe a kabari. A Amurka tun 1991 kotu ta tabbatar da haka a shari'ar Biz Markie, a nan gida kuma akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, hedkwatar hukumar da ke kula da ita tana nan Abuja. Iyalan tsofaffin makaɗa da yawa ba su ga komai ba daga faya-fayan da kamfanoni irin su EMI suka buga, da kaset-kaset ɗin da aka yi ta kwafa a kasuwanni. Matashin da zai ɗauki gurmin Haruna Uji ya nemi magadansa, a rubuta yarjejeniya, a ambaci sunansa, a ba su rabonsu. Mafi kyau ma ya nemi masu gurmi da goge da sarewa da suke raye, waɗanda bukukuwan zamani suka ture gefe saboda mai kwamfuta ya fi araha, ya zauna da su ɗaki ɗaya kamar yadda Guru ya zauna da Donald Byrd.

Hukuma ma tana da nata. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna yana da taskar tsofaffin waƙoƙin Hausa da aka ɗauka shekaru da dama da suka wuce. Ya kamata a juye su a na'urorin zamani kafin zafi da ƙura su cinye su, a kuma buɗe ƙofa ga mai son saurare da nazari. A Abuja kuwa, katafaren ginin al'adu na Millennium Tower da aka fara a 2006 ya shafe fiye da shekara goma sha biyar ba a kammala shi ba, alhali abin da matasan makaɗa suke bukata bai kai haka ba. Ƙaramin zaure ne mai kyawun sauti da kuɗin haya mai sauƙi, irin wanda za a iya ware musu dare ɗaya a mako a cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Area 10 a Garki. Gidajen rediyon birnin da ke da shirye-shiryen Hausa, su Kapital FM da Aso Radio, su ma za su iya ba da sa'a guda bayan sallar isha'i, a sa Ɗan Maraya, a bi shi da Suté Iwar, a buɗe waya a ji abin da direbobin hanyar Kefi za su ce.